Tambayi Gwaggo: Na ce na yafe mishi, amma har yanzu ina kulle ɗakina

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili, barkanmu da war haka. Wasiƙun da suka shigo wannan karon da yawansu abu guda suke zagayawa, iyaye da ɗiyansu da maganar yafiya, shi yasa na ajiye na aure da na kishi sai fita ta gaba in Allah ya kai mu, na ɗauko guda uku. Sunaye na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Gwaggo sallama da fatan alheri. Ni uwa ce a nan unguwar Birni, mai gidana ya rasu shekara 9 kenan ya bar ni da yara biyar, da ɗinki da suyar ƙosai na riƙe su. Babban, wanda bana faɗin sunanshi, yana da teburin ruwa-ruwa, wato saida man fetur, a bakin titi yana samu daidai gwargwado har yana kawo na cefane, to da man Najeriya yayi tsada sana'ar ta mutu sai ya koma zaman fada dare da rana, daga shayi aka shiga tramol. Ina cikin adashi na tara jaka 400 na kayan ɗakin ƙanwarshi, saura wata biyu biki, ranar wata Alhamis na tafi kasuwar Dole na dawo na tarar an ɓalle kwado, kuɗin babu, keken ɗinkina ma babu. Gwaggo a tsakar gida gaban maƙwabta na ɗaga hannu sama nace Allah ya isa tsakanina da shi, nace ban yafe nonon da ya sha ba, nace yadda ya sa ni kuka kar ya ga haske. Shekara biyu ba labari, wasu suce yana Jado can cikin hamada wasu suce Libiya. Bayan ƙaramar sallah sai gashi ya dawo, ƙashi da fata, haƙora biyu babu, ya durƙusa a zaure ya kasa shigowa. Kawunshi da liman suka sa baki nace na yafe. Amma wallahi in na ji motsinshi a tsakar gida gabana faɗuwa yake, ko bayi zan shiga sai na kulle ɗaki na ɗaure makullin a bakin zane, rannan ya gan ni ina kullewa ya sunkuyar da kai ya fita bai ci tuwon dare ba. Ita kuma ƙanwar da aka kai ɗaki da katifa ɗaya da kwanukan aro har yau bata amsa gaisuwarshi. Shin yafiyata ta karɓu ko munafunci nake yi? Kuma bakina ne ya maida shi haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwata. Allah ya jiƙan mai gidan, Allah ya saka miki riƙon marayu da Aljanna. Bari in fara da tambaya ta biyu don na san ita ke hana ki barci.

Babu mahalukin da zai zauna ya tabbatar miki cewa bakinki ne ya kama shi, wannan sanin na Allah ne, kuma duk wadda ta shigo miki gida tana cewa ai kinga abinda bakin uwa ke yi, ki ce mata ta ji tsoron Allah. Hanyar hamada ta cinye waɗanda aka sa wa albarka a ƙofar gida ma kafin su fita. Mu nan Damagaram ba za mu manta watan Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da yawa daga yankin Kance. Waɗannan yaran bakin wa ya kama su? Matashin da ya kama wannan hanya da ƙwaya a jikinshi, ba cin kirki ba ruwan kirki, ba abin mamaki bane ya dawo yadda kika gan shi.

Amma kuma ba zan ɓoye miki ba, maganar da kika furta mai nauyi ce. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa kanmu ko ɗiyanmu ko dukiyarmu muguwar addu'a, kar mu dace da sa'ar da ake amsawa. To abin ya riga ya fita, yanzu gyara ake nema, kuma gyaran baya hannun wani da zai ce ki kawo baƙar akuya ko jaka kaza ya warware miki baki, don Allah kar ki ba kowa ko dala a kan wannan. Harshen da ya ɗaure shi ne zai kwance. Ki yi istigfari, ki sa shi cikin sujadarki da sunanshi, sannan abinda ya fi wuya, ki sa mishi albarka a kunnenshi yana ji. Na san ɗan fari ne, na san kunyar da muka gada, uwa bata kiran sunanshi bata zama kusa da shi bata kallonshi ido cikin ido in da mutane, al'ada ce mai kyau a wurinta amma ki duba, yaron nan ranar da ya taɓa jin kin ɗaga murya a kanshi gaban jama'a tsinuwa ce aka kai mishi labarinta, albarka kuwa wataƙila bai taɓa jin ta fito daga bakinki kai tsaye ba. Ki kira shi bayan isha'i in yara sun kwanta, ki dafa kanshi ki ce Allah ya yi maka albarka, Allah ya shirye ka, abinda na faɗa na janye. Ko kin yi kuka ba komai.

Sai maganar munafunci. Ba munafunci kike ba ƴar uwata. Yafiyar da kika yi a zaure ta ƙullu tunda kin sauke neman hakkinki a kanshi gaban Allah, amma zuciya ba da umarnin kawu ko na liman take hucewa ba, kuma wannan abu ne da manyanmu maza ke gaggawa a kai, a taru a ce ki yafe, ki ce na yafe, a shafa fatiha kowa ya sa takalminshi ya tafi, ke a bar ki da yaron da faɗuwar gaba a gida ɗaya. Ki buɗe suratu Yusuf ki ga yadda Annabi Yaƙub (AS) ya yi da nashi. Da ɗiyanshi suka zo neman ya ba su Binyaminu su tafi da shi Masar, a aya ta 64 ce musu yayi shin zan amince muku a kanshi face kamar yadda na amince muku a kan ɗan uwanshi a baya? Bai sake shi ba sai da suka yi mishi alkawari da sunan Allah. Bai kore su daga gida ba, bai daina kiransu ya ɗiyana ba, har nasiha yake musu kar su shiga ta ƙofa ɗaya, amma amanar da suka ci bai yi kamar ya manta da ita ba. Kuma a ƙarshe da komai ya bayyana suka ce ya babanmu nema mana gafara, a aya ta 98 cewa yayi da sannu zan nema muku gafara wurin Ubangijina. Annabi ne, kuma uba ne da yayi kuka har idonshi ya yi fari. Haka suratu Tagabun aya ta 14, Allah yace a cikin matanku da ɗiyanku akwai maƙiya gare ku, ku yi hattara da su, kuma a cikin ayar nan dai yace in kun yafe kun kau da kai kun gafarta to Allah mai gafara ne mai jinƙai. Hattara da yafiya aya ɗaya ta ɗauko su, ba su kore juna ba.

Don haka ki ci gaba da kulle ɗakinki, sai dai ki daina yi a ɓoye kina waige-waige, wannan shi ke ƙona shi. Ki gaya mishi da bakinki, na yafe maka duniya da lahira, makullin nan kuwa don kar shaiɗan ya sake samun ƙofa ne tsakanina da kai, ranar da hankalina ya kwanta da kaina zan ajiye shi. Mafi kyau ma kuɗin adashi su daina kwana a gidan gaba ɗaya. Kuma baki faɗa min ko ya bar ƙwayar ba. Wanda jikinshi ya saba da tramol in ya tsaya rana ɗaya sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci da saurin fushi su taso mishi, in ya sha da yawa kuma tana iya sa shi faɗuwa yana shure-shure irin na farfaɗiya, mutane su ce aljanu ne. A wannan halin ne yaro mai kunya ke ɗaukar abinda ba nashi ba yana kuka. Kawun nan da ya iya zuwa roƙo, ya ɗauke shi ya kai shi likita a duba shi, a haɗa da addu'a.

Ita kuma ɗiyarki ki bi ta a sannu. Ke kin rasa kuɗi da keke, ita ce ta zauna a ɗaki ranar buɗar kai dangin miji suna shigowa suna ɗaga ido suna kallon bango, kin san irin gorin da ake yi wa amaryar da aka kawo ba kaya, wani har ta haihu uku ana tuna mata. Wannan ciwon nata ne, ba ki da ikon yafe shi a madadinta, kuma don girman Allah kar ki ce mata in baki yafe mishi ba nima ban yafe miki ba, kin ƙara zalunci kenan a kan wadda aka zalunta. Shi zai taka da ƙafarshi ya je gidanta ya ba ta haƙuri. Kuma malamai sun faɗa, tuban da ya shafi hakkin mutane sai an maida hakkin ko mai shi ya yafe. Ki bar shi ya biya, kar ki ce a'a ɗana bar shi. Garin nan da wahalar ruwa bata ƙarewa, ko kurar ruwa ya tura, ko leburanci wajen gini, ko ya karɓi moto na wani yayi kabu-kabu, jaka ɗaya jaka biyu duk sati yana ajiyewa a hannun kawun, in sun taru ya sayo ko saitin kwanuka ne ya kai mata da hannunshi. Biyan nan shi zai ɗaga mishi kai a gidan fiye da duk wani lallashi. Ita kuma ki tuna mata sallama dai a amsa, ba a ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, ki karanta mata aya ta 22 a suratun Nur wadda ta sauka a kan Sayyidina Abubakar lokacin da ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba saboda ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah yace su yafe su kau da kai, ba kwa son Allah ya gafarta muku? Ki karanta mata sau ɗaya ki ƙyale ta da ita.

TAMBAYA: Inna ina wuni. Ni ɗan kabu-kabu ne shekarata 31 ina zaune Garin Malam. Ina da shekara 7 babana ya saki mahaifiyata ya haɗa ni da wani malami aka kai ni almajiranci Najeriya, shekara 11 bai taɓa zuwa ya gan ni ba ko sabulu bai aiko ba, ɗiyan amaryarshi kuwa duk ya sa su lakwal, ɗaya har ya samu bak, takardar gama sakandare. Yanzu ya tsufa ɓarin jikinshi ya shanye yana kwance a ƙauyenmu wajen Mirriya, waɗanda ya fifita ɗin duk sun watse Yamai da Agadas, kullum aike yake in zo. Ina aika kuɗin magani amma ƙafata ta ƙi zuwa. Abinda ya sa na rubuto ma Inna, ina da yaro ɗan shekara 6, shekaranjiya ya zubar min da mai na kama shi da duka har sai da uwarshi ta shiga tsakani, da dare na ga shatin bulala a bayanshi sai na tuna kaina. Ina tsoron in zama babana.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abinda babanka yayi ba daidai bane, kuma ba zan ce maka ai uba baya laifi ba don addini bai faɗi haka ba. Sahabi Bashir ya yi wa ɗanshi Nu'umanu kyauta shi kaɗai ya zo Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya tambaye shi duk ɗiyanka ka ba su irin wannan? Yace a'a. Yace ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin ɗiyanku, ya ƙi shaidawa, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Kyauta ce fa kawai, ina ga a tura yaro ɗan shekara 7 wata ƙasa da ƙoƙon bara a manta da shi. Karatun allo abin alfaharinmu ne, garin nan da shi aka san shi, amma ciyar da yaro da tufatar da shi a wuyan uba suke ko ina yaron yake.

Duk da haka ina so ka je. Suratu Luƙman aya ta 15 ta yi maganar iyayen da ke matsa wa ɗansu yayi shirka, Allah yace kar ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa, to in wanda ya kira ka ga shirka bai rasa wannan hakkin ba, naka ma bai rasa ba. Ba a ce sai ka ji sonshi ya cika maka ƙirji kafin ka tafi ba. Mirriya ce fa, ko awa ɗaya ba za ka yi a kan moto ba. Ka je ka gaishe shi ka gyara mishi shimfiɗa ka juya shi ɗaya ɓarin, mai shanyewar jiki in ya daɗe kwance a gefe guda bayanshi gyambo yake yi, ka duba mishi wannan. In ya buɗe baki yana so yayi maganar baya kar ka katse shi da ba komai Baba, ka bar shi ya faɗa, tsoho da ke aike kullum akwai abinda ke cinshi. In kuma bai ce komai ba, kai ka ce mishi cikin ladabi Baba na sha wahala a can, amma na zo. Na sha ganin maza da gemunsu a wajen zaman makoki suna kuka ba don rashin ba, don maganar da suka riƙe har aka rufe ƙasa, bana so ka shiga cikinsu.

Maganar jikana kuwa ita ta fi damuna. Wanda zai zama babanshi baya tashi da dare ya duba bayan yaro, wannan tsoron da kake ji rahama ce, ka riƙe shi. Amma tsoro kaɗai baya hana hannu tashi. Ka fitar da bulalar daga gidan yau. In ranka ya ɓaci ka fita ƙofar gida, ko ka yi alwala, in kana tsaye ka zauna kamar yadda aka koya mana, kar ka yi hukunci sai ka huce. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, yace bai taɓa ce mishi ko tir ba. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar Hasan yace ni ɗiyana goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ce mishi wanda baya jinƙai ba a jinƙansa. Ka ɗauki yaron ka ɗora a cinya ka shafa mishi magani da hannunka ka ce yi haƙuri Baba ya yi fushi da yawa. In za ka Mirriya ma ka ɗora shi a gaban moto ku tafi tare ya ga kakanshi.

TAMBAYA: Hajiya ni dattijo ne na haura 60. Na aurar da ɗiyata tana da shekara 15 ga ɗan aminina, tana kuka tana cewa bata so, na cire ta daga lakwal nace in ta ƙi ba ni ba ita. Auren bai yi daɗi ba, yanzu ta dawo gida da saki da goyo, bata taɓa ce min komai ba, tana gaishe ni tana kawo min ruwan alwala amma bata ɗaga kai. Shin ya dace uba ya nemi gafarar ɗiyar cikinshi? Ina jin nauyi.

AMSA: Malam ya dace, kuma ni a ganina wajibi ne a kanka. Bukhari ya kawo labarin Khansa'u ɗiyar Khizam da mahaifinta ya aurar da ita bata so, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW) ya warware auren. Ba kai kaɗai bane, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18, sai dai yawan masu yi baya sauke hakkin ko guda ɗaya daga cikinsu, kuma iyaye maza da ke tsayawa su yi tambayar da ka yi ba su da yawa, Allah ya ƙara maka wannan zuciya.

Shirun da take yi tarbiyya ce, kar ka ɗauke shi a matsayin ta huce. Kar ka aika uwarta ko gwaggonta, kar kuma ka tara mutane don a gaban jama'a dole ta ce ba komai Baba. In ta kawo ruwan alwalar ka ce ta zauna, ka ce na cuce ki ban saurare ki ba, ki yafe min. Wataƙila ta fashe da kuka ta tashi ta shige ɗaki ba amsa, kar ka bi ta da to me kika ce, ka ba ta kwanaki. Sannan ka tambaye ta me take so yanzu, karatun ne za ta koma ko islamiyya ko ɗinki ko jari, ka tsaya mata da aljihunka, ka kuma tsaya tsayin daka uban yaron ya ɗauki ciyar da ɗanshi. Masu fara zuwa zaure da maganar aurenta ka ce su dakata ta gama idda ta huta, hadisin Muslim yace bazawara ita ta fi waliyyinta iko da kanta, in lokacin ya yi a tambaye ta ita da bakinta kuma abinda ta ce shi za a yi.